Shekara shida da na'urar ji ta ƙashin kai: abin da na gani a kan 'yata

An haifi 'yata ta uku a watan Yulin 2018, kuma tun kafin a miƙo mini ita na ga ungozomar ta ɗaga ido ta kalli abokiyar aikinta. Kunnuwan yarinyar ba su cika ba. Na dama ɗan tsiro ne kamar ƙwayar gyaɗa, na hagu ya ɗan fi shi siffa, amma duka biyun babu rami, fata ce shafe a inda ya kamata a ce akwai ƙofa. Daga baya na ji sunayen da likitoci suke ba abin: ƙanƙantar kunnen maikrotiya, rashin ramin kuma atireziya. Yawancin yaran da ake haifa haka gefe ɗaya ne abin yake shafa, sau da yawa na dama. Tamu duka biyun ne.

Ranar suna hular saƙa muka sa mata har wuya, a cikin zafin damina. Duk wanda ya zo barka ya ɗaga hular sai ya tambayi abu ɗaya: za a iya yi mata kunne? Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a gidanmu haka aka yi a zahiri. Kowa siffar yake kallo, ni ma haka. Babu wanda ya tsaya ya ce, to tana ji kuwa? A asibitin da na haihu an ce mu je mu dawo in ta girma, sai a duba batun tiyata. Wannan maganar ta ci mana fiye da shekara guda, kuma har yau ita ce abin da ya fi yi mini ciwo a duk tafiyar nan.

Abin da ya ƙara ruɗa mu shi ne yarinyar ba ta yi kama da wadda ba ta ji ba. Tana gwaranci, tana firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, in na rungume ta a ƙirji ina yi mata waƙa sai ta yi luf. Hajiya, surukata, takan ce, «Ke dai ki bar zancen kurumta, yarinya tana ji sarai.» Gaskiya ta faɗa, amma rabi. Sai da muka kai ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibitin koyarwa tana da wata goma sha ɗaya, aka yi mata gwajin da ake kira ABR, wanda ake liƙa wa yaro wayoyi a kai yana barci a ga yadda jijiyar ji take amsa sauti, sannan muka san inda muka tsaya. Kunnenta na ciki, ɗan abin nan mai kama da dodon koɗi, lafiyarsa ƙalau a duka gefen biyu. Hanyar da sauti zai bi ya isa gare shi ce a toshe. Masanin ji da ya yi gwajin ya ce toshewar tana rage mata kusan desibel 60, wato hirar da ake yi a tsakar gida da murya ta yau da kullum tana isa gare ta kamar raɗa daga ɗaki na uku, ko ma kada ta isa. Muryarta kuwa tana jin ta, domin ta ƙashin kanta take bi. Waƙata ma a ƙirji ta ƙashi take shiga. An kuma tura mu hoton ƙoda, saboda yaran da aka haifa da irin wannan kunne akan duba musu ƙoda. Alhamdu lillahi babu komai.

A ranar ne na fara jin cewa mutum yana ji ta ƙashi. Masanin ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba, ya maƙala ta a kan wani ɗan sanda na roba, ya ce mini, «Hajiya, toshe kunnuwanki da kyau.» Maigidana ya danna mini sandan a bayan kunne. Sai na ji muryar likitan tar a tsakiyar kaina, alhali yatsuna suna cikin kunnuwana. Na fashe da kuka a wurin. Masanin ya ce abin da ya sa in ka ji muryarka a saƙon WhatsApp kake cewa ba taka ba ce ke nan: kullum kana jin kanka ta iska da ta ƙashi a haɗe, waya kuwa ta iska kawai take maido maka. Na'urar tana kama sauti da makirfo, ta mayar da shi girgiza, girgizar ta bi ƙoƙon kai ta tafi kai tsaye zuwa kunnen ciki. Ba ta buƙatar rami, ba ta buƙatar dodon kunne.

Ba sabon abu ba ne. A birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin aka fara dasa wa mutane irinta a 1977, likita Anders Tjellström ne ya yi aikin, bisa abin da Per-Ingvar Brånemark ya gano cewa ƙashi mai rai yana manne wa ƙarfen titaniyom har su zama kamar abu ɗaya. Da na ji shekarar sai na yi lissafi: shekara arba'in da ɗaya kafin a haifi 'yata, amma ni mai digiri ban taɓa jin labarinta ba, kuma a asibitin haihuwa babu wanda ya ambata mini.

To amma ba a dasa wa jariri. Ƙashin kansa bai yi kauri ba. Ana so ya kai wajen milimita 3, kuma a Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ba ta amince a dasa wa yaro ba sai ya kai shekara 5. Wannan shi ne abin da aka gaya mana rabinsa tun farko, wato «ku jira ta girma». Rabin da ba a faɗa ba shi ne ana ɗaura na'urar a kan wani maɗaurin kai mai roba, irin wanda ake yi wa 'yan mata ado da shi, tun jariri yana da 'yan watanni, ba yanka ba ɗinki. Ƙa'idar da masana ji suke bi ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Mu mun samu na'urar tana da wata goma sha huɗu, a watan Satumban 2019, bayan maigidana ya sayar da filin da ya yi shekaru yana tanadi. An ba mu shawarar biyu, ɗaya kowane gefe. Ɗaya muka iya.

Kamfanonin da suke yin ta ba su da yawa. Akwai Baha ta kamfanin Cochlear na Ostareliya, akwai Ponto ta Oticon Medical, akwai kuma ADHEAR ta kamfanin MED-EL na Ostiriya, wadda ita ba maɗauri ake sa mata ba, wani ɗan faci ne mai gam ake liƙawa a bayan kunne a maƙala ta a kai. Ba zan faɗi wadda muka saya ba, domin ba talla na zo yi ba, kuma abin da zan faɗa na daɗi da na wahala iyayen da na haɗu da su masu amfani da sauran ma irinsa suke faɗa. Shawarata a nan guda ce: ku zaɓi wadda akwai wanda zai iya saita ta da gyara ta kusa da ku. Na'urar da ta fi kowace kyau, in sai an haye teku ake taɓa ta, wata rana za ta kwana wata uku a cikin durowa.

Na sha ganin bidiyon yaran da ake kunna wa na'ura su yi murmushi nan take. Tawa ba ta yi murmushi ba. Ta ƙame, ta zaro ido, fankar ofishin tana juyawa tana bin ta da kallo, sannan ta sa hannu ta fizge maɗaurin ta jefar. Na maida, ta cire. A satin farko ban jin ta yi minti goma a jere da shi a kanta. Ina faɗin wannan ne saboda uwar da za ta sayar da abin hannunta ta sayi na'ura, sannan ta ga yaro yana jifa da ita, zuciyarta za ta karye ta ɗauka asara ta yi. Ba asara ba ce. Yaron da ya shekara a cikin shiru, duniya ce ta faɗo masa a ka gaba ɗaya: turmi, janareta, kukan awaki, rediyon maƙwabta. Abin da ya yi mana aiki shi ne mu ɗaura mata lokacin da hannuwanta suke da abin yi, tana cin abinci ko tana wasa da murfin tukunya, a ɗaki mai shiru, ni kaɗai ina yi mata magana. Ta cire, in maida ba faɗa ba tsawa. Cikin wata ɗaya da rabi ta bar cirewa. Wata rana da safe, tana da kusan shekara biyu, ta tashi daga barci ta nuna kanta da yatsa tana neman a sa mata. Daga ranar ban sake roƙon ta ba.

Akwai abubuwan da takardar cikin kwali ba ta san da su ba, domin ba don uwa Bahaushiya aka rubuta ta ba. Na farko goyo. Duk abin da ya taɓa jikin na'urar sai ta yi wani fito mai tsini, kuma yaron da yake goye kansa a jikin bayanki yake, zani kuma yana kewaye da shi. Kwana biyu na yi ina fama kafin na tuna masanin ya ce ko'ina a kan ƙashi za ta yi aiki. Sai nake juya maɗaurin na kawo ta gefen goshi in zan goya ta, haka ma in za ta kwanta. Juyawar tana da wani amfanin: in ta daɗe a wuri ɗaya fatar wurin tana yin ja, musamman watan Afrilu da gumi yake tsiyaya. Ɗaurin kuma kada ya yi tsauri kada ya yi sako-sako. Yatsa ɗaya ya iya shiga tsakanin maɗauri da kai. In ya yi sako-sako sautin ya ragu, in ya yi tsauri ya bar shaida.

Na biyu kitso. Na'urar tana son ta zauna a kan fata, ba a kan tudun gashi ba. Sai da na zaunar da mai kitsonmu na nuna mata inda za ta bar fili a bayan kunne, ta daina bi da layi ta wurin. Na uku, wanda ya zo daga baya, hijabin Islamiyya. Yadi yana gogar makirfo, yarinya ta riƙa jin shuu a kai maimakon karatun malam. Telanmu ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefen hijabin ya daje bakinta, na'urar take leƙowa waje. Na je na yi wa malamin bayani, na roƙe shi ya zaunar da ita a gaba. Ya karɓa hannu biyu, Allah ya saka masa.

Batir kuwa hidima ce da ba ta ƙarewa. Tamu lamba 312 take ci, mai takarda ruwan ƙasa, kuma yana yi mana kwana 5 zuwa 7. Irin batirin nan da iska yake aiki: sai ka ɓare takardar bayansa, ka bar shi kamar minti ɗaya, sannan ka sa. Da zarar ka ɓare ya fara ƙarewa, ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba. Na taɓa saye a wani kanti kwali guda, ashe ya daɗe a ajiye a cikin zafi, rabinsa matacce ne. Tun daga nan nake duba ranar ƙarewa kuma nake sayen na wata shida a lokaci guda. Wani abu da nake roƙon kowace uwa: batirin nan ƙarami ne kamar ƙwayar magani, in yaro ya haɗiye shi yana iya yi masa mummunar illa. A tabbata an sa wa na'urar murfin batir mai kulle, tsofaffin kuma kada a bar su a kan taga. Da daddare ina cire batirin in sa na'urar a gwangwanin busarwa saboda gumi, lokacin hunturu kuma kullum sai na share ƙura daga bakin makirfo da ɗan burushi. Akwai wata 'yar igiya da ake maƙala ta a riga. Ba don ita ba da na'urarmu ta daɗe a cikin kwata.

Sau ɗaya ta lalace, a 2021, kuma sai da aka aika da ita waje. Mako bakwai muka yi babu ita. A makonnin nan na ga 'yata ta koma gefe, ta rage magana, ta koma jan zanina tana nuni. A nan na gane girman abin da take yi mana, kuma a nan na ji zafin rashin ta biyu.

Na'ura tana kawo sauti ne kawai, ba ta koyar da magana. Mai koyar da magana da muke gani sau ɗaya a wata ta ce mini, «Maman yarinya, aikin naki ne, ni nuni kawai zan yi miki.» Ta koya mini sautuka shida da ake gwada yaro da su kowace safiya: aa, uu, ii, mm, sh, ss. In tsaya a bayanta in faɗa, ita kuma ta jefa dutse a kwano in ta ji. Na koma mai surutu. Ina wanke-wanke ina faɗin sunan kowane kwano, ina tuƙa tuwo ina ba ta labarin muciya. Yayyenta biyu na hana su yi mata magana da hannu, na ce su kira sunanta su jira ta juyo. Kalmarta ta farko «Baba» ce, tana da wata goma sha tara. Tana shekara uku tana haɗa jimla, amma a baya take da sa'anninta, kuma sai da ta kusa shekara biyar ta kamo su. Wannan tazarar ita ce shekarar da muka yi muna jira.

Abu biyu ne maɗaurin bai iya ba. Sautuka masu kaifi, irin s da sh da ts, fata da gashi suna cinye wani ɓangarensu kafin su kai ga ƙashi. Shi ya sa ta daɗe tana cewa «tinke» maimakon tsinke, «ayi» maimakon shayi. Na biyu, da na'ura ɗaya ba ta sanin daga ina sauti ya fito, domin girgizar tana isa kunnuwan ciki biyu kusan tare. In na kira ta daga ɗaki sai ta yi ta waige-waige. A gida abin tausayi ne kawai, a bakin titi abin tsoro ne, kuma har yau ba ta tsallaka titi ita kaɗai.

Da ta cika shekara shida, a 2024, muka kai ta Alƙahira. Hoton cikin kai da ake kira CT ya nuna buɗe mata rami ba zai yi kyau ba; ƙasusuwan kunnen tsakiya ba su zauna daidai ba, ga jijiyar da take motsa fuska kusa da wurin, kuma ramin da aka buɗe yakan sake tsukewa. Sai aka shimfiɗa mana zaɓi: ko ɗan turken titaniyom da yake leƙowa ta fata a maƙala na'urar a kai, ko wanda komai yake ƙarƙashin fata na'urar waje ta manne da maganaɗisu, irin su Bonebridge da Osia. Mun zaɓi turken saboda na'urar da muke da ita za ta hau kansa, ba sai mun sayi sabuwa ba. Kuɗi ne ya yanke hukuncin, ba zan ɓoye ba. Wata tambaya da likitan ya yi ta burge ni: ko muna da niyyar a gina mata kunnen waje nan gaba? Ana yin sa da guringuntsin haƙarƙarin yaron in ƙirjinsa ya yi girma, kuma in aka dasa turke kusa sosai zai ɓata fatar da za a buƙata. Saboda haka ya matsar da shi baya. Duk mai shirin wannan aiki ya tayar da maganar nan tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Ya kuma dasa na biyu a gefensa a ƙarƙashin fata, na ajiya, domin yara suna faɗuwa kuma turke yakan fita.

Aikin bai daɗe ba, washegari tana wasa. Jiran ne mai tsawo: wata huɗu aka ce kada a ɗora komai a kai har ƙashi ya kama ƙarfen. A lokacin ta ci gaba da maɗaurinta a ɗaya gefen. Ranar da aka maƙala na'urar a kan turken aka sake saita ta, abin da ta fara cewa shi ne takalmin likita yana ƙara. A mota ta tambaye ni mene ne yake yin tsit-tsit, ashe siginar motar ce. Cikin 'yan watanni tsinke ya zama tsinke.

Kuɗin wannan ƙarin jin shi ne kula da fata, kullum, ba hutu. Inda ƙarfe ya ratsa fata ƙofa ce a buɗe. Kowane dare ina share gindin turken da ruwa da sabulu mai laushi, in cire ɓawon da ya taru, in busar. Sau biyu wurin ya yi ja ya kumbura, duka a lokacin zafi, aka ba mu man shafawa ya lafa. Na ga wata yarinya da fata ta hau kan turkenta har sai da aka sake yi mata ƙaramin aiki. In da za a maida ni baya kuma da hali, zan yi dogon tunani a kan irin na ƙarƙashin fata saboda yanayin garinmu. Amma ban yi nadama ba.

Ga wanda ya tambaye ni ko ta cancanci kuɗinta, amsata e ce, matuƙar gwaji ya nuna kunnen ciki yana da lafiya. Ba maganin kowace kurumta ba ce. Yaron da matsalarsa a kunnen ciki take, wata hanyar yake buƙata. Tana yi wa masu toshewar rami, da masu kunnen da yake yawan zubar da ruwa har ba a iya sa musu na'urar cikin kunne, da waɗanda kunne ɗaya ya mutu ɗayan yana ji. A fara da gwajin. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. A nemi a gwada ji ta ƙashi, ba ta iska kaɗai ba, kuma a yi tun jariri yana hannu.

Yanzu tana aji biyu na firamare, tana izu biyu a Islamiyya. Batun gina kunnen waje mun bar mata sai ta ƙara wayo ta faɗi ra'ayinta. Kwanan baya wata ƙawarta ta tambaye ta mene ne wannan a kanta, na ji ta daga kicin tana cewa kunnenta ne, da daddare ake cire shi a sa a gwangwani. Muna tara kuɗin na gefen hagu.